Maganin ido da haske ke kunnawa, amma makunnin a hannun wa yake?

Jama'a kwana biyun nan akwai wani bincike da ya tsaya min a rai. Wai a sa magani a ido ya kwanta abinsa shiru ba ya komai, sai an haska masa wani irin haske sannan ya saki iskar naitirik oksayid daidai wurin da ake so. Wlh dabarar ta burge ni, amma ina da magana a kai.

Ita wannan iskar ba baƙuwa ba ce, jikinmu da kansa yake yin ta, ita ke sa jijiyoyin jini su saki su buɗe. Gano hakan ne ya sa aka ba mutum uku kyautar Nobel a 1998. Abin dariya ma shi Alfred Nobel ɗin da wani sinadari mai suna naitirogilisarin ya haɗa nakiyar da ta yi masa arziki, da ciwon zuciya ya kama shi kuma likita ya ce ita zai sha, ashe wannan iskar ce take saki a jiki ba su sani ba a lokacin.

Toh me ya haɗa ta da ido? Gilakoma, wato hawan jinin ido, duk da ba jini ba ne ke hawa, wani ruwa ne da ido ke yi kullum yana fita ta wani ɗan rariya a gefen baƙin ido, in rariyar ta ƙi wucewa da kyau sai matsi ya ƙaru ya wuce 21 a ma'aunin matsin ido, wanda ake ɗauka a matsayin iyakar lafiya, ya yi ta cin jijiyar gani a hankali ba ciwo ba komai har sai gani ya tafi. An ƙiyasta mutum miliyan 76 ke da ita a duniya a 2020. Naitirik oksayid tana sa rariyar nan ta saki ruwa ya wuce. Kuma ba hasashe ba ne, tun 2017 Amurka ta amince da maganin ɗigawa Vyzulta da ke sakin ta a ido.

Matsalar iskar ita ce ba ta da haƙuri, cikin 'yan daƙiƙu ta ɓace. In kuma ta yi yawa sai ta haɗu da wani sinadarin a jiki ta koma guba mai lalata ƙwayoyin da ake son ceto. Ga maganin ɗigawa shi ma hawaye ke wanke mafi yawansa, abin da ke shiga ciki bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Shi ya sa aka ce bari a ɗaure iskar a jikin wani sinadari, wasu da ƙarfe irin rutiniyam ko manganis, haske ya zama shi ne mai kwance ƙullin. Ka rage haske ta ragu, ka kashe ta tsaya.

Nan ne tambayata take. Ido fa aikinsa kenan shigar da haske tun daga buɗe shi da safe har barci. Abin da ya sa dabarar ta dace da ido shi ne kuma zai iya ɓata ta. In hasken rana ko na waya zai iya kwance ƙullin toh makunnin ba a hannun likita yake ba kenan, mutum ya fita rana tsaka maganin sati ya zube masa a awa ɗaya, ya koma ɗaki ba sauran komai. In kuma aka ce sai haske mai ƙarfi irin wanda ke ƙona fata, wannan shi kansa yana jawo yanar ido yana ƙona fatar baƙin ido, shuɗin haske mai ƙarfi ma bai bar bayan ido ba. Kaga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Jan haske ne ake ganin ya fi aminci shi ma akwai shi a rana. Sannan bayan iskar ta fita ragowar ƙarfen ina zai je?

Ba wai ina cewa ba zai yiwu ba. Tun 2000 ake amfani da Visudyne, maganin wani ciwon ido daban, a yi allura a jijiya a haska jan leza a bayan ido maganin ya tashi aiki. Amma ku lura a asibiti ake yi gaban likita, kuma ana ce wa mutum ya guji rana na 'yan kwanaki bayan an yi. Mai gilakoma kuwa ciwonsa na har abada ne, ba za ka ce ya zauna a duhu ba.

Yawancin aikin nan har yanzu a ɗakin gwaji yake da idon dabbobi. Ko ya kai ga mutane ma matsi zai rage, jijiyar da ta riga ta mutu ba ta dawowa. Dan haka mai ɗiga maganinsa ya ci gaba da ɗigawa, ni dai ranar da na ga an gwada shi a kan mutanen da ke yawo cikin rana kuma matsin idonsu ya tsaya daidai safe da yamma, ranar zan dawo nan na yi tafi.