Ku daina auna jiragen nan da mudu biyu

To, ina mutanen da suka cika mana kunne makonni biyu da suka wuce? Ina masu rantsuwar cewa su da jirgin ƙasa har abada, saboda bam ɗin da ya tsayar da jiragen ƙasa a Paris? Jiya Juma'a, 21 ga Maris ɗin 2025, Heathrow na Landan ya wuni a rufe, filin jirgin saman da ya fi kowanne cunkoso a Turai, saboda gobara a tashar rarraba wutar lantarki guda ɗaya da ke Hayes. Jirage sama da 1,300 abin ya shafa, mutum fiye da 200,000 tafiyarsu ta wargaje, wasu jiragen ma suna sararin sama aka ce su juya ko su nemi wani filin su sauka. Tun safe nake bin shafukanku, ban ga mutum ɗaya da ya ce ya daina hawa jirgin sama ba. Abin da nake gani kawai "Allah ya kyauta", "tsautsayi ne". Na yarda, tsautsayi ne. Amma na ranar 7 ga Maris fa, shi ba tsautsayi ba ne?

Ma'aikata suna aiki cikin dare a Saint-Denis da ke gefen Paris suka tono bam mai nauyin kilo 500, wanda ke kwance a ƙasa tun Yaƙin Duniya na Biyu, a tsakiyar layukan da ke shiga tashar Gare du Nord ta Paris. Aka tsayar da komai, har da jiragen Eurostar da ke tsakanin Paris da Landan. Me kuke so a yi? A bi ta kansa da jirgi maƙare da mutane? Shekara 80 bam ɗin yana binne, ba direba ne ya ajiye shi ba, ba mai sayar da tikiti ba. A ranar aka kwance shi, washegari jirage suka ci gaba da aiki. Amma a wunin nan ɗaya wani bawan Allah ya turo mana doguwar murya a zauren WhatsApp, yana huci, wai ai dama jirgin ƙasa ba abin dogaro ba ne, mai hankali ta sama yake bi. Jama'a suka yi ta jera masa babban yatsa. Jiya na tambaye shi labarin Heathrow, sai ya ce min ai wannan daban. Daban ta ina, don Allah?

Wannan shi ne abin da ke ɓata min rai. Idan jirgin ƙasa ya tsaya, sai a ce halinsa ne. Idan jirgin sama ya tsaya, sai a ce ƙaddara ce. Mudu biyu ke nan, kuma wallahi ba adalci ba ne.

Kun manta Afrilun 2010? Dutse ɗaya ya yi aman wuta a Iceland, toka ta bazu, aka rufe yawancin sararin samaniyar Turai kusan kwana shida. Jirage kimanin 100,000 aka soke, mutum wajen miliyan 10 suka maƙale, wasu suna kwana a kan kwali a filayen jirgi. Wa ya kwashe mutane a lokacin? Jirgin ƙasa da jirgin ruwa. Layin da aka ja a St Pancras, tashar Eurostar ta Landan, har waje ya fito, ana ƙara jirage don a rage mutane. Ba wanda ya rantse ya bar jirgin sama. A Disambar 2018 rahoton ganin ƙananan jirage marasa matuƙi ya rufe filin jirgin saman Gatwick da ke kusa da Landan ana dab da Kirsimeti, mutum kusan 140,000 suka shiga uku. Shiru. Ranar 28 ga Agustan 2023 bayanin tafiyar jirgi ɗaya tak ya rikita kwamfutar masu kula da zirga-zirgar jiragen sama a Birtaniya, babbar na'urar da mai jiran gadonta duk suka tsaya, sai da aka koma shigar da bayanai da hannu. Fasinja sama da 700,000 abin ya taɓa. Nan ma shiru kake ji. Kowa ya karkaɗe rigarsa ya sake sayen tikitin jirgin sama.

Ba na ɓoye laifin dogo. A Disambar 2009 jiragen Eurostar biyar sun mutu a cikin ramin da ke ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa saboda dusar ƙanƙara da ta narke a cikin injinansu, mutum sama da 2,000 suka kwana a duhu. Ranar 30 ga Disambar 2023 ruwa ya cika wani rami a ƙarƙashin kogin Thames, aka soke jiragen wunin gaba ɗaya ana shirin sabuwar shekara. An yi, kuma wanda ya sha wahalar ranar yana da haƙƙin ya yi fushi. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne ya ɗauki wahalar wuni ɗaya ya yanke wa hanya hukuncin shekara 30, alhali ɗaya hanyar yana yafe mata kafin ma ta nemi gafara. Tun 1994 jiragen nan ke ratsa ramin tekun mai tsawon kilomita 50, kullum ta Allah, suna kai mutane suna komowa, ba mai ɗaukar hoto ya ce yau ma mun iso a kan lokaci.

Za ku ce jirgin sama ya fi sauri. A sama, i. Awa ɗaya da 'yan mintuna ne daga Landan zuwa Paris. To tafiyar a sama take farawa? Ka fita daga gari zuwa filin jirgi, ka isa awa biyu kafin tashi, a wasu filayen ka cire bel, ka fito da kwamfuta daga jaka, ka tura turarenka cikin 'yar leda, ka zubar da ruwan da ka saya, ka zauna jiran a kira ƙofa. Ka sauka a filin Charles de Gaulle na Paris, ka jira akwati, sannan ka fara neman hanyar shiga gari mai nisan kilomita 25. Jirgin ƙasa kuwa awa biyu da kwata ne daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari, an riga an duba fasfo kafin ka hau, akwatinka biyu suna kusa da kai ba wanda ya ɗora su a sikeli. Ku lissafa daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki, sannan mu yi magana.

Za ku ce kuɗi. Sau da yawa tikitin jirgin ƙasa ya fi tsada, ban musa ba. Amma man jirgin sama na tafiyar ƙasa da ƙasa ba a karɓar haraji a kansa, shi kuwa jirgin ƙasa sai ya biya kuɗin layi, ya biya kuɗin rami. Kuma arahar nan da ake tallatawa, ka ƙara kuɗin akwati da na zaɓen kujera da na motar filin jirgi ka ga abin da ya saura. Za ku ce jirgin sama yana biyan diyya, Yuro 250 idan gajeriyar tafiya ta yi jinkirin awa uku. Haka dokar Tarayyar Turai ta ce, amma ban da abin da ya fi ƙarfin kamfani, irin toka da gobarar jiya. Wannan hujjar ma ba ta tsaya ba.

Abin ya dame ni ne saboda akwai masu karanta maganganunku su ɗauke su da gaske. Dattijon da gwiwa ke damunsa, wanda a jirgin ƙasa zai iya miƙewa ya taka ya dawo. Uwa mai yara uku da keken jariri, wadda filin jirgin sama azaba ne a gare ta. Ɗalibin da bai taɓa tafiyar ba, yana neman shawara. Ku tsorata su da labarin wuni ɗaya, ku tura su inda wahalarsu ta fi yawa, sannan ranar da filin jirgi ya rufe ku ce Allah ya kyauta. Ni dai ina roƙonku, idan za ku ba da shawara ku faɗi duka biyun. Ku ce kowace hanya tana tsayawa, kada mutum ya haɗa tafiya mai muhimmanci da jirgin ƙarshe na ranar, ya bar wa kansa tazara, ya sayi tikitin da za a iya canzawa.

Af, tunda ana maganar dogo, har yanzu ba wanda ya ba ni gamsasshiyar amsa a kan tashoshin Ashford da Ebbsfleet da ke yankin Kent a Ingila. An kashe maƙudan kuɗi an gina su don jiragen ƙasa da ƙasa, tun Maris ɗin 2020 da korona ta zo jiragen suka daina tsayawa, yau shekara biyar ke nan. Mutumin Kent yana ganin jirgin Paris ya wuce ta gefen garinsu da gudu, shi kuwa sai ya hau wani jirgin ya koma Landan, ya bi layin fasfo, sannan ya sake biyowa ta inda ya fito. In da masu doguwar murya za su yi hucinsu a kan wannan, da ni ne na farko da zai tura ta gaba.