Kada Ku Ci Da Yunwar Wanda Ya Zo Neman Mafaka

'Yan'uwana matasa, gobe wasunku za a damƙa wa makullin rumbu a ce ku raba wa 'yan gudun hijira abinci. Kafin ranar ta zo, ku ji abin da ya faru a bakin kogin Danube da ke nahiyar Turai.

A shekarar 376 wata ƙabila da ake kira Goth suka yi cincirindo a gaɓar kogin, mayaƙan wata ƙabilar mai suna Hun sun tarwatsa musu gidaje. Jagoransu Fritigern ya roƙi sarkin Rumawa, Valens, ya bar su su ƙetara cikin daularsa. Valens ya amince, don yana son ɗibar sojoji a cikinsu. Sai aka danƙa amanarsu a hannun jami'ai biyu, Lupicinus da Maximus.

Mutanen nan biyu suka mayar da yunwar bayin Allah kasuwa. Suka riƙa tattaro karnuka suna sayar musu a matsayin nama, kare ɗaya a bakin mutum ɗaya da za a kai bauta, har da 'ya'yan manyansu. Ku dubi uban da ya miƙa ɗansa ya karɓi kare don sauran yaran su kwana da rai. Wallahi wanda aka yi wa haka ba ya mantawa. Bai ishe su ba, Lupicinus ya gayyaci shugabannin Goth walima a birnin Marcianople, ana cikin ci ya sa aka kashe masu tsaronsu. Fritigern ya tsira, yaƙi ya ɓarke.

Don Allah idan mabuƙaci ya tsaya gabanku, kada ku auna shi da raunin da yake ciki yau. Ku ba shi haƙƙinsa cif, kada ku rage mudu, kada ku nemi na goro. In kun ga abokin aiki yana yi, ku tsawata masa.

Ran 9 ga Agusta, 378, aka gwabza tsakanin Rumawa da Goth kusa da Adrianople, garin da ake kira Edirne a Turkiyya yau. Valens ya ƙi jiran ɗan ɗan'uwansa Gratian da ke tafe da agaji. Sojojinsa suka iso cikin zafin rana, ga ƙishi ga yunwa, Goth suka cinna wa ciyawa wuta, dawakansu suka afka musu ta gefe. Kusan kashi biyu cikin uku na rundunar Rumawa suka halaka, shi kansa Valens ba a ga gawarsa ba. Bayan shekara 32, a 410, Sarki Alaric ya shiga birnin Rum da mayaƙan Goth, suka kwana uku suna kwasar ganima.