Samari, ku bar zagin likitoci a Facebook

Jiya da daddare wata likita ta yi rubutu tana jan kunnen masu juna biyu, cewa ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da gani dishi-dishi na iya zama hawan jini, a garzaya asibiti kafin jijjiga ta zo. Ko sisi ba ta nema ba. Sai ga samarinmu a ƙasan rubutun. Wannan ya ce iska ce, a yi hayaƙi. Wancan ya ce 'yan boko sun raina gargajiya. Wani ko sallama babu: "Ke dai faɗi sunan maganin mu saya a kemis."

Haba 'yan'uwa! Mutum ya yi shekara 6 yana karatun likita, ya sha kwana tsaye a kan marasa lafiya a asibitin koyarwa na Shika, kai kuma kana kishingiɗe da waya, ko takardar gwajin jini ba ka iya karantawa, ka ƙaryata shi? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kuma don ya ƙi rubuta maka magani bai duba ka ba, ba rowa ya yi maka ba.

Abin haushin, mai zagin nan shi ne zai tura wa dangi saƙon murya a WhatsApp, wai "wani babban likita ya ce", ba suna ba asibiti. Har kun manta 2014? Tsakar dare aka yi ta tashin mutane a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola. Wasu gishirin ne ya yi ajalinsu, alhali cutar a Legas da Fatakwal ta tsaya. Ni ban ma zo kan masu kwankwaɗar kodin da ke yi wa likita wa'azin illar allurar rigakafi ba.

Na sani, gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ya bar tabo, wasu likitocin ma akwai girman kai da yawan Turanci. To ka yi tambaya mana, cikin ladabi.

A Zazzau fa muke. Da, almajiri sai ya tuɓe takalmi a bakin zaure ya durƙusa kafin ya tambayi malami, ko da bai gamsu ba. Yanzu yaro ɗan shekara 20 ke ce wa sa'ar uwarsa jahila a bainar jama'a. Likitocin kirki suna ta yin shiru ɗaya bayan ɗaya, masu tallan maganin basir da sanyi kuwa kullum sabon bidiyo.