Sai da kifi ya ba da shaida muka san gadonmu

A shekarar 2000, masanan da suka taru a cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor da ke Amurka sun buɗe wata 'yar caca a tsakaninsu, kowa ya rubuta adadin ƙwayoyin gadon da yake zaton ɗan Adam na ɗauke da su, wato sassan DNA, rubutun da muke gada daga iyaye, masu ɗauke da umarnin gina jiki. Kafin lokacin, 100,000 ake ta yayatawa. Da aka tashi raba gardama a 2003, hasashen Lee Rowen na 25,947 ne ya yi nasara, alhali yana can ƙasan jerin. Ashe ita ma ta zarce. A yau ƙwayoyin gadon da ke haɗa furotin kusan 20,000 ake lissafawa, kuma har gobe ana cire wasu daga rajista ana shigar da wasu.

Mai karatu zai ce, ba an karance haruffa biliyan uku na DNA ɗin mutum ba, har an cike sauran giɓin a 2022? An karance. Amma karanta haruffa daban, gane inda magana ta fara da inda ta tsaya daban. Haruffa huɗu ne kacal, A, C, G da T, a jere babu waƙafi babu aya, kuma ɓangaren da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin bai kai kashi 2 cikin 100 ba.

A ganina babu dabarar da ta kai kwatanta DNA ɗinmu da na sauran halittu amfani a wannan farauta, kuma hujjarta ba ta da wuyar ganewa. Duk lokacin da aka kwafi DNA daga iyaye zuwa 'ya'ya, kuskure yakan ɗan kutsa. Inda rubutun ba ya tsinana wa jiki komai, kura-kurai sukan taru har kamanni ya ɓace. Inda kuwa rayuwa ta rataya a kansa, ɗan da ya gaji kuskuren ba ya kai labari, balle ya gadar wa wani. Masana sun ƙiyasta cewa zuriyar da ta kai ga kifaye da wadda ta kai ga mutum sun rabu fiye da shekara miliyan 400 da suka wuce. To idan aka tarar da jeri iri ɗaya a jikin mutum da ɓera da kaza da kwaɗo da kifi, ai ruwa ba ya tsami banza.

Sydney Brenner ne ya kawo shawara a 1993 cewa a karanta DNA ɗin fugu, wani talibambam na tekun Japan, saboda tsawonsa kusan kashi ɗaya cikin takwas ne na namu, amma ƙwayoyin gadonsa sun yi kusan yawan namu. Tamkar littafi ne da aka zubar da shafukansa na surutu aka bar tsabar magana. Da aka kammala aikin a 2002 aka jera shi da na mutum, sai ga wurare kusan 1,000 da ke da alamun ƙwayoyin gado ne waɗanda ba a taɓa rubutawa ba. A 2013 kuma aka nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadonmu suna da takwarori a jikin kifin zebra, ɗan kifin nan mai ratsi-ratsi da bai fi tsawon ɗan yatsa ba.

Inda labarin ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da mu da kanmu muka ɓoye wa kanmu. Furotin sarƙa ce ta gaɓoɓi da ake kira amino asid. Da aka ɗora wa kwamfuta aikin zaƙulo ƙwayoyin gado, an gindaya mata sharaɗi cewa duk jerin da ba zai ba da gaɓa 100 ba ta yi watsi da shi, don gajerun jeri na bogi sun yi yawa. Sharaɗin yana da hujja, sai dai an zubar da tsaba tare da ƙaiƙayi. Dubi ƙwayar gadon da ake kira ELABELA. An daɗe da ajiye ta a rukunin waɗanda ba sa haɗa furotin. A ƙarshen 2013 ayarin Bruno Reversade a Singafo, sannan a farkon 2014 ayarin Alexander Schier a Harvard, suka nuna cewa tana haɗa wani ɗan furotin mai gaɓa 54 a jikin mutum, kuma ɓangarensa mai aiki kusan bai sauya ba tun daga kifi. Ƙwan kifin zebra garau yake, ana iya ganin zuciyar ɗan tayin tana bugawa ta madubin ƙara girma tun yana kwana ɗaya da 'yan sa'o'i. 'Yan tayin kifin da aka cire wa ELABELA, wasu zuciyar ta fito a nakashe, wasu ko alamarta babu. A 2017 aka gano ɓeraye masu ciki da ba su da ita suna nuna alamun hawan jinin masu juna biyu. Haka DWORF, mai gaɓa 34 kacal, da ayarin Eric Olson a Texas ya bayyana a 2016, tana ƙara wa tsokar zuciya ƙarfin matsawa. Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

Ƙorafina shi ne yadda muke tsayawa da zarar an raɗa suna. Ɗaruruwan ƙwayoyin gado sunansu adireshi ne kawai. C9orf72 ba ta nufin komai illa jeri mai lamba 72 a kan kuromozom na 9, ɗaya daga cikin ƙunshin DNA da ke jikinmu. Haka ta zauna babu mai waiwayarta sai a 2011, lokacin da aka gano cewa lahani a cikinta shi ne kan gaba wajen haddasa nau'in cutar ALS da ake gada, cutar da ke kashe jijiyoyin motsa jiki. Nan take kowa ya yi ca a kanta. Wani nazari na 2018 ya nuna cewa akasarin bincike ya tattaru ne a kan ƙwayoyin gado kusan 2,000, mafi yawansu waɗanda aka sani tun kafin a karance DNA ɗin. Dalilin a fili yake. Sananniyar ƙwayar gado tana da kayan aiki a shirye, da ɓerayen gwaji, da tarin rubuce-rubucen da za a kafa hujja da su wajen neman tallafi. Ɗalibin da ya ɗauki wadda ba a sani ba yana iya shafe shekara huɗu ya tashi a tutar babu. Ban ga laifinsa ba idan ya bi yarima ya sha kiɗa. Laifin na masu raba kuɗin bincike ne da ke son a faɗa musu sakamako kafin a fara.

Dole a yi adalci, shaidar kwatance ba ta gama magana. A 2004 an gano gutsattsarin DNA 481 waɗanda harafi da harafi ɗaya suke a jikin mutum da nau'in ɓeraye biyu. Kowa ya zaci taɓa su mutuwa ne. A 2007 aka cire huɗu daga ciki, ɓerayen suka rayu suka hayayyafa abinsu, sai a 2018 aka hango 'yan matsaloli a ƙwaƙwalwar irin waɗannan ɓeraye. Sannan duk abin da ya keɓanta da mutum shi kaɗai, kifi ba zai taɓa nuna mana shi ba.

Duk da haka, idan kuɗi kaɗan ne kuma dole a zaɓa, da waɗanda suka jure tun daga kifi har zuwa mutum ya kamata a fara. A 2023 ayarin Sean Munro da Matthew Freeman a Birtaniya ya gwada makamancin wannan: suka zaɓi ƙwayoyin gado 260 da ba a san aikinsu ba, waɗanda mutum ya yi tarayya a kansu da ɗan ƙudan da ke bin 'ya'yan itace, suka riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya. Guda 62 daga ciki, ƙudan bai rayu ba da aka taɓa su.