Angus McMillan: Makiyayin da Tumakinsa Suka Kai Shi Majalisa

A shekarar 2018 hukumar zaɓen Ostireliya ta cire sunan Angus McMillan daga wata mazaɓar tarayya a jihar Victoria, ta sa na Janar John Monash, wani babban kwamandan sojan ƙasar. Tun 1949 mazaɓar ke amsa sunan McMillan. A ganina an yi daidai, sai dai an makara ƙwarai.

An haifi McMillan a tsibirin Skye na ƙasar Scotland a 1810, zamanin da masu filaye ke korar talakawa daga gonakinsu don su zuba tumaki. Ya sauka Sydney a 1838, ya kama aikin kula da dabbobin Lachlan Macalister. Da rashin ruwan sama ya matsa, aka tura shi kudu neman ciyawa. Ya ƙetare duwatsu ya faɗa yankin da yau ake kira Gippsland, ƙasar mutanen Gunaikurnai, 'yan asalin wurin, ya kafa garkensa a Bushy Park, bakin kogin Avon. Ba wanda ya nemi izinin masu ƙasa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa ake ta ce-ce-ku-ce. A 1843 'yan ƙasar suka kashe Ronald, ɗan ɗan'uwan Macalister. Turawa makiyaya suka hau dawaki da bindigogi, suka rutsa mutane a bakin ruwan Warrigal Creek, suka yi ta harbi, har waɗanda suka tsunduma ruwa don guje wa harbi ba su tsira ba. Ƙiyasin waɗanda aka kashe da aka fi ambata ya kama daga 60 zuwa 150. Masana tarihi da dama sun ce McMillan ne jagoran ayarin. Ba a gurfanar da kowa a kotu ba.

A 1859 ya zama ɗan majalisar dokokin Victoria, har ma aka ba shi alhakin kula da walwalar ragowar 'yan ƙasar. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Masu kare shi kan ce kada a auna mutumin 1843 da ma'aunin yau. To amma a 1838, shekarar da ya iso, an rataye Turawa bakwai a Sydney saboda kisan gillar da suka yi wa 'yan asalin ƙasa a Myall Creek. Ashe ko a ma'aunin zamaninsa kisan ɗan ƙasa laifi ne, kuma makiyaya sun sani, shi ya sa suka koma yi a ɓoye.

Ya mutu a 1865 dukiyarsa ta ƙare. Tarin duwatsun da aka gina don tunawa da shi suna nan a Gippsland, domin a 2020 kansilolin ƙaramar hukumar Wellington sun ƙi amincewa a rushe su.