Su ma suna ƙona daji, amma sai sun gaya maka tukuna

Jama'a ku bar ni in yi magana kan ƙona daji, don na gaji da jin ana cewa wai mu kaɗai ne muke cinna wa daji wuta saboda jahilci. Wallahi nan Ostireliya da nake zaune gwamnati ce da kanta take sa wa gandun dajinta wuta, da ma'aikata da motocin ruwa har da jirgi mai saukar ungulu. Abin da ya raba mu da su shi ne su kafin su kunna sai sun sanar da kai, mu kuwa sai dai ka hango hayaƙi ya turnuƙe ta wajen gonarka ka fita da gudu.

Dajin nan yawancinsa bishiyar turare ce, irin wadda ake dasawa a bakin titi a gida, ganyenta mai ne da shi, ga shi tana ta zubar da ɓawo da busasshen ganye shekara da shekaru suna taruwa a gindinta. In zafi ya shigo, wato Disamba zuwa Fabrairu lokacin da ku kuke fama da hunturu, tsawa ɗaya ta isa. A 2019 tsawa ce ta tada wutar Gospers Mountain a gandun dajin Wollemi ta cinye sama da hekta 500,000, a waccan kakar ta 2019 zuwa 2020 wuta ta kashe mutum 33 a faɗin ƙasar, gidaje sama da 3,000 suka ƙone. Ta jihar Biktoriya kuwa ranar 7 ga Fabrairun 2009 mutum 173 ta tafi da su, Allah ya kiyaye. Shi ya sa idan gari ya yi sanyi-sanyi, wajen Afrilu ko Satumba, sai su riga wutar cinye abincinta.

Aikin abin kallo ne. Tun ana saura kwanaki za ka ga allo a bakin hanyar shiga dajin an rufe ta, an sa sanarwa a manhajar Hazards Near Me da taswirar wurin, ana ce wa mutane su rufe taga su kwashe shanya, mai asma ya ajiye maganinsa kusa. Ranar aikin ma'aikaci zai riƙo wata 'yar butar ƙarfe mai dogon baki tana ɗigo da wuta, yana bin layin da aka share a hankali, wutar da ƙyar take kai gwiwa, mota da tiyo na biye da shi. In iska ta juya kuma fasawa suke yi, a sake sanarwa cewa an ɗaga. Da yawa daga masu kashe gobarar dajin ma 'yan sa kai ne, ba albashi suke karɓa ba.

Idan kuma gobara ce ta gaske gargaɗin hawa uku ne, rawaya ka sa ido, ruwan lemu ka fara shiri, ja kuwa ranka na cikin haɗari, wani lokaci saƙon da zai shigo wayarka cewa zai yi lokacin gudu ya wuce ka nemi inda za ka fake. Rediyon ABC na ta maimaitawa. Ranar da aka hana kunna wuta gaba ɗaya ko gawayin gashin nama ba ka isa ka hura a bayan gidanka ba, tara ce mai zafi.

Ba wai tsarin ba shi da matsala ba. Hayaƙin kan lulluɓe Sidni masu ciwon ƙirji su sha wuya, kuma wutar takan kufce musu, a 2011 a yankin garin Margaret River da ke yammacin ƙasar ta ƙwace ta ƙone gidaje sama da 30. Duk da haka an san wanda ya kunna, an san ranar, akwai wanda za a tuhuma.

To mu dawo gida. Mu ma ai mun san wuta, dattawanmu sun san a ƙona da wuri tun ciyawa na da sauran danshi, a share iyaka, a kunna da yamma in iska ta kwanta, kusan yadda 'yan asalin ƙasar nan Aborijin suke yi tun dubban shekaru har yanzu gwamnati ke komawa koyo wajensu. Amma yau yara 'yan farauta za su cinna wa fili wuta tsakiyar hunturu saboda gafiya, ko wani yana neman sabon toho wa shanunsa, ko mai sharar gona ya kunna ya tafi kasuwa abinsa, iska ta ɗauka ta bi ta kan damin dawar bawan Allah da bai kwashe ba, da karansa da harawar da ya tara wa dabbobi, wahalar damina guda ta zama toka. Washegari a je jaje a ce Allah ya mayar da alheri, ba wanda ya san wa ya kunna, daga nan zargi ya fara tsakanin manomi da makiyayi, kun kuma san inda irin wannan zargin yake kai mu. Abin nan yana ci min rai sosai.

Kada wani ya ce min ai su suna da kuɗi. Jirgi ne ke son kuɗi, sanarwa ba ta so. Muna da mai unguwa da sarkin noma da arɗo, muna da lasifikar masallaci da gidajen rediyo da kowa ke saurara, ga guruf na WhatsApp a kowace unguwa. Me zai hana dagaci ya kafa doka cewa duk mai son ƙona fili ya faɗa wa mai unguwa tun ana gobe, a yi shela bayan magariba, maƙwabtan gona su fito da ɗanyen ganye da jarkokin ruwa su tsaya har ta mutu, ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi kuma a hana kowa, wanda ya karya ya biya ɓarnar da wutarsa ta yi.