Humphrey Moseley, mai shagon littafin da ya tsamo wasannin Ingila daga bakin ɓata

A ranar 2 ga Satumba 1642 majalisar dokokin Ingila ta ba da umarnin rufe dukkan gidajen wasan kwaikwayo na Landan. Yaƙin basasa ya riga ya ɓarke tsakaninta da Sarki Charles na Ɗaya, kuma 'yan majalisar, waɗanda da yawansu masu tsananin ra'ayin addini ne, suka ce lokacin zubar da jini ba lokacin nishaɗi ba ne. Ƙofofin ba su sake buɗuwa bisa doka ba sai 1660, shekara 18 cur. A 1648 ma aka ƙara ɗaure dokar tamau: ɗan wasan da aka kama a yi masa bulala a bainar jama'a, ɗan kallo kuwa tarar sule 5.

To, ina rubutattun wasannin suke a wannan lokaci? Da yawa daga cikinsu ba a taɓa buga su ba. Suna cikin akwatunan ƙungiyoyin 'yan wasa da rubutun hannu, wani kwafi ɗaya tak, wani biyu. Da gangan ƙungiyoyin suke riƙe su, domin su ne jarinsu. Da sana'ar ta mutu, masu akwatunan suka watse, wasu suka tafi fagen yaƙi, wasu talauci ya rufe su. Takardar da mai ita ke fama da yunwa kuwa tana cikin haɗari.

A nan ne Humphrey Moseley ya shigo, kuma shi ne dalilin wannan sharhi. Ina ganin masu tarihin adabi sun daɗe suna ɗora wa marubuta rawani suna barin irinsa da kai babu hula, alhali da yawa daga cikin abin da ake karantawa a jami'o'i yau da sunan adabin Ingilishi na ƙarni na 17, ta shagonsa ya biyo.

Moseley ba da rubuta waƙa aka san shi ba, bai kuma mallaki injin ɗab'i ba. Ya koyi sana'a a hannun wani mai sayar da littattafai, Matthew Lownes, ya samu 'yancin cin gashin kansa a ƙungiyar masu sana'ar littafi ta Landan a 1627. Shagonsa na harabar majami'ar St Paul, wadda ita ce babbar kasuwar littattafai ta birnin. A zamanin shaguna ba su da lamba, da alamar da aka rataye a ƙofa ake gane su, tasa kuwa tambarin Yarima ce. Aikinsa shi ne ya nemo rubutu, ya saya da kuɗinsa, ya biya sisi a shigar masa da shi a rajistar ƙungiya don kada wani ya buga, ya sayi takarda, ya biya maɗaba'a, sannan ya zauna jiran mai saye. In littafi ya kwanta, asararsa ce shi kaɗai. A haka ya fitar da littattafai kimanin 300 kafin ya rasu a Janairun 1661.

Babban aikin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kundin da shi da abokin cinikinsa Humphrey Robinson suka fitar a 1647, na wasannin Francis Beaumont da John Fletcher. Wasanni 34 ne da wani wasan fada guda ɗaya, a ƙaton littafi mai faɗin shafi, irin girman da aka yi wa Ben Jonson a 1616 da Shakespeare a 1623. Mai karatu ya tuna halin da ake ciki. Sarki ya riga ya sha kashi a fagen fama, yana tsare. Masu kuɗin da suka saba cika gidajen wasa an ƙwace dukiyar wasunsu, wasu sun tsere Faransa. A irin wannan yanayi ne mutum ya zuba jarinsa a takarda mai tsada don buga abin da hukuma ta haramta a nuna a dandali. Tsofaffin 'yan wasan ƙungiyar Sarki, wato ƙungiyar wasan kwaikwayon da Fletcher ya yi wa rubutu, su 10 ne suka sa hannu a sadaukarwar littafin, cikinsu har da John Lowin da Joseph Taylor, mutanen da a da jama'ar Landan ke tururuwar zuwa kallo, yanzu kuma ba su da abin yi.

Gabatarwar da Moseley ya rubuta wa masu karatu a kundin ta fi komai nuna irin mutumin da yake. Ba yaren malamai ya yi ba, maganar ɗan kasuwa ce da ya san hajarsa. Ya shaida musu cewa duk abin da ke ciki sabo ne, bai cusa wasannin da aka riga aka buga ba, don kada ya sayar wa mutane abin da suke da shi, kuma don kada littafin ya yi nauyin da mata ba za su iya riƙewa ba. Wannan ɗan bayani ya burge ni ƙwarai. Mutumin ya san su waye ke shigowa shagonsa, ya san akwai mata a cikin masu karanta masa, har ya auna nauyin littafi da hannunsu. Ya kuma yi musu lissafi: kafin yanzu, mai son a kwafa masa wasa ɗaya da hannu sai ya biya fiye da ninki 4 na kuɗin kundin nan baki ɗayansa. Sannan ya faɗi gaskiya a kan giɓin da ke akwai. Wasa ɗaya mai suna The Wild Goose Chase ya ɓace, wani babban mutum ya are shi daga hannun 'yan wasa shekaru da yawa da suka wuce, bai kuma dawo ba. Ya roƙi duk wanda ya gan shi ya turo shi gida.

Wani zai ce ai duk wannan neman kuɗi ne, kuma siyasa ce. Moseley mutumin Sarki ne, marubutansa galibi mutanen Sarki ne: Edmund Waller, John Suckling, Richard Crashaw, William Cartwright, Abraham Cowley, William Davenant. Masu sayensa kuma waɗanda ke kewar tsohon zamani ne, kowane littafi tamkar ta'aziyya ce gare su. Ban musa ba. Amma mai wannan magana sai ya bayyana mini dalilin da ya sa a 1645 Moseley ya buga kundin waƙoƙin John Milton na farko. Milton ɗan ɓangaren majalisa ne na gani-kashe-ni, sunansa ya riga ya yi tambari saboda ƙasidunsa na halatta sakin aure, daga baya ma shi ya kare hukuncin sare kan Sarki da aka yi a 1649. A gabatarwar littafin, wanda wata mata mai maɗaba'a, Ruth Raworth, ta buga masa, Moseley ya ce ba riba ce ta kawo shi ba, domin a wannan zamani ƙasidar banza ta fi aikin manyan masana saurin sayuwa. Ya ce ƙaunar da yake yi wa harshensu ce ta sa yake tattara irin waɗannan ayyuka. Kowane ɗan kasuwa na iya faɗin haka. Amma shi ya ƙara da cewa waɗannan waƙoƙi za su rayu, ya kuma ajiye Milton kusa da babban mawaƙin Ingila Edmund Spenser, shekara 22 kafin babban aikin Milton, Paradise Lost, ya fito. Wanda ya hango wannan a 1645, ido gare shi na gaske, kuma idon ya wuce katangar jam'iyya.

A wannan littafi ne aka yi wani abin da har yau ake ba da labari. Moseley na son sa hoton marubuci a shafin farko, don mai saye ya ga fuskar mai magana. Ya ba William Marshall aikin sassaƙa hoton Milton a farantin jan ƙarfe, hoto ya fito da fuskar dattijo mai yamutsattsen kama, alhali rubutun da ke kewaye da shi na cewa ɗan shekara 21 ne. Milton ya rubuta baiti 4 da Girkanci yana cewa hannun da bai iya ba ne ya yi wannan, abokai su yi dariyar aikin. Marshall ya sassaƙa baitocin a ƙarƙashin hoton da hannunsa, aka buga, aka sayar.

Wannan ɗabi'a ta sa hoto ba ado kawai ba ce. Moseley ya riƙa fitar da littattafansa ƙanana masu kama da juna, girma ɗaya, tsarin shafin farko ɗaya, hoton mai littafi a gaba, jerin sauran littattafan shagon a baya. Sababbin wasanni 6 na James Shirley a 1653, 5 na Richard Brome a shekarar, 3 na Philip Massinger a 1655, 2 na Thomas Middleton a 1657. Wanda ya sayi ɗaya sai ya ji yana son ya cika sahu. Kafin a ankara, mutum ya duba kantar littattafansa ya ga jerin marubutan Ingilishi tsaye kafaɗa da kafaɗa, kamar yadda a da ake jera na Latin. Tunanin cewa harshen da ake ciniki da shi a kasuwar Landan yana da nasa manyan marubuta, a irin waɗannan kantoci ya zauna da gindinsa.

Amma akwai laifinsa, kuma ba ƙarami ba ne. Kundin 1647 na ɗauke da sunan Beaumont a gaba, alhali hannunsa kaɗan ne a ciki. Wanda ya yi aikin tare da Fletcher a wasanni da yawa Massinger ne, ba a kuwa ambace shi ba. Tun a lokacin wani abokin Massinger, Aston Cokain, ya rubuta waƙa yana tuhumar masu buga kundin a kan wannan rashin adalci. Sunan da ke jawo ciniki aka bi, haƙƙin wani ya salwanta. Haka kuma a 1660 Moseley ya shigar da wasu wasanni a rajista da sunan Shakespeare waɗanda masana ba su yarda nasa ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne rijistar ranar 9 ga Satumba 1653. A rana ɗaya ya shigar da wasanni fiye da 40. Cikinsu akwai Cardenio, wanda ya ce Fletcher da Shakespeare ne suka rubuta, wasan da aka san ƙungiyar Sarki ta yi a 1613, an ciro labarinsa daga Don Quixote, shahararren littafin labari na ƙasar Spain. Ya biya sisinsa, ya kafa ikonsa a kan wasan, ya hana kowa taɓawa, sannan bai buga ba. Yau babu shi. Ana cewa ajiya maganin wata rana, amma takarda kwafi ɗaya ba ta jiran wata rana. Ni ganau ne a kan wannan. Na taɓa buɗe akwatin ƙarfen wani dattijo a danginmu bayan rasuwarsa, inda ya adana waƙoƙin da ya kwashe shekaru yana rubutawa. Shafukan sama lafiya lau, tawada baƙi ƙirin. Da na ɗaga su sai na tarar gara ta shiga ta ƙasa, abin da ya rage gari ne kawai ke zuba tsakanin yatsuna. Shi ya sa duk sanda na karanta jerin sunayen nan na 1653 sai in ji abin a ƙirjina.

Su ma na Moseley wasu irin wannan ƙaddara suka tarar. A ƙarni na 18 wani mai tara tsofaffin takardu, John Warburton, ya rubuta jerin wasanni fiye da 50 da ya ce suna hannunsa, sunaye da yawa sun yi daidai da waɗanda Moseley ya yi wa rajista. Ya ce ya bar su a inda bai kamata ba, kukunsa ta riƙa hura wuta da su tana kuma shimfiɗa su a ƙarƙashin abin da take gasawa, 3 kaɗai suka tsira cikakku. Akwai masanan da ke shakkar labarin kukun. Ko ma yaya aka yi, wasannin dai sun tafi. Kwatanta su da The Changeling na Middleton da William Rowley, wanda Moseley ya fitar a 1653, ko Women Beware Women da ya fitar a 1657. Waɗannan biyu har gobe ana yin su a dandali, kuma ta bugunsa suka iso gare mu. Shago ɗaya, mutum ɗaya, shekaru ɗaya. Abin da ya raba su shi ne wasu sun shiga maɗaba'a, wasu sun zauna a akwati.

Don haka ban yarda a wanke shi tas ba, ban kuma yarda a kira shi ɗan kasuwa kawai a wuce ba. Ya yi abin da fada ba ta yi ba, jami'o'i ba su yi ba, marubutan kansu ma da yawa ba su yi ba, ya kuma yi shi da jarinsa a lokacin da hukuma ke kallon wasa a matsayin laifi.

Bayan rasuwarsa matarsa Anne da 'yarsa, ita ma Anne, suka ci gaba da riƙe shagon. A 1666 babbar gobarar Landan ta cinye harabar St Paul, har da ɗimbin littattafan da 'yan kasuwa suka ɓoye a ƙarƙashin majami'ar suna zaton nan ne wuta ba za ta kai ba. Shekara guda bayan haka haƙƙin buga manyan littattafansa da yawa ya koma hannun wani mai sayar da littattafai, Henry Herringman. Shi kuwa The Wild Goose Chase, wasan da Moseley ya roƙi a turo gida a 1647, an samo shi tun yana raye. Ya buga shi a 1652, aka kuma rubuta a shafin farko cewa an yi ne don jin daɗin jama'a da kuma amfanin Lowin da Taylor, tsofaffin 'yan wasan nan biyu da suka yi shekara 10 ba su da dandali.